Zanen Uwa Ɗaso

Ranar Alhamis bayan la'asar, Yalwa ya rufe tagogin ɗakin, ya toshe ƙarƙashin ƙofa da tsohon bargo, kamar yadda aka saba a gidan nan na unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki, shekara da shekaru. An kifa roba a cikin baho mai ruwa, an lulluɓe ta da tawul, don kada kiɗan ya kai kunnen maƙwabta.

Su tara ne, duk 'yan daudu, kuma ba mai iƙama, wato takardar zaman ƙasar, a cikinsu. Da safe suna soya waina su sayar wa alhazai, da jallabiya da hula kamar kowa. Ran Alhamis kuwa sai su ɗaura zane, su ja kwalli, su kira juna da "ke", su yi rawa har gumi ya wanke musu ɓacin ran mako. Wanda zazzaɓi ya kwantar, a nan ake raba masu jinyarsa. Wanda ya sauka garin bai san kowa ba, a nan ake ba shi tabarma da suna.

Ɗaso ne ya kafa ɗakin, shi suke kira Uwa. Shi ya tsinci Yalwa shekara goma sha takwas da suka wuce, yana kwana a bakin wani shago a Jarwal, bayan 'yan uwansa sun gama aikin hajji sun tafi sun bar shi da gangan. Ya ba shi shayi, ya kalli tafiyarsa, ya ce, "Wannan ƙugun ba na kwanan titi ba ne, ɗiyata. Taso mu je."

Bara ciwon ƙoda ya kama Ɗaso. Rawa ta gagare shi, sai dai ya zauna yana tafi. Yalwa ke masa wanka, shi ke ba shi kunu a baki. A kunnen Yalwa yake ta ambaton ƙanwarsa Mubina da ke Damagaram, yadda ta bi motarsa da gudu ranar da ya taho, shekara talatin ke nan. "Ko sau ɗaya in ƙara ganinta," yake cewa. Amma wanda ba shi da takarda ba ya hawa jirgi don ya ga dama.

Wata safiya Yalwa ya sa masa sabuwar jallabiya, ya cika masa aljihu da magunguna, ya zaunar da shi a inuwar rumfar waina ya sha iska, shi kuma ya tafi sayo mai. Kafin ya dawo 'yan sanda sun zo. Ba su tambayi kowa takarda ba, ba su taɓa kasko ba. Kai tsaye wurin tsohon suka nufa, suka kira shi da sunan yankansa, Abdulmuhaimin, suka tafi da shi. Bayan mako uku aka sa shi a jirgin waɗanda ake mayarwa ƙasashensu.

Sunan nan shi ya tsaya wa 'yan ɗakin a rai, don duk Misfala Ɗaso aka sani. Sai aka tuna da Nu'uman, baƙon da ya shigo ɗakin bara. Shi kaɗai ke karanta Larabci sosai, shi ya taɓa karanta wa Uwa katin asibiti. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Shekaranjiya labari ya iso ta waya, daga bakin wata mai ƙosai da aka mayar tare da Uwa. Ɗaso ya kai ƙofar gidansu. Mubina ta leƙo, ta gane shi. 'Ya'yanta suka ce ba ɗan daudun da zai taka musu zaure, ita kuma ta koma ciki. Kwana huɗu ya yi a inuwar tashar mota. Direbobi ne suka yi masa sutura.

Tun da Yalwa ya ji, bai ci ba, bai yi kuka ba.

Yau ce ranar gadon zane. Al'adar ɗakin ita ce, wanda aka ɗaura wa zanen Uwa zai taka rawarta, ya je gaban kowa ya dafa masa goshi. Wanda aka tsallake, sai ya ɗauki takalmansa ya fita, fitar da ba dawowa. Kuma a garin nan, wanda ya rasa ɗakin ya rasa mai jinya, ya rasa mai binne shi.

Maman, babbansu a shekaru, ya ɗaura wa Yalwa zanen, shuɗi mai ƙanshin turaren Ɗaso.

"Taka mana, ƙanwata. Kin dai san wadda za ki tsallake."

"Wallahi, Yaya, ni ban..." Nu'uman ya fara daga kusurwa.

"Uskut, rufe mana baki, malamar Larabci! Kin karanta abin da ya isa."

Kiɗa ya tashi ƙasa-ƙasa. Yalwa ya saki kafaɗa ɗaya, ya ja ƙafar hagu a hankali, ya juya ƙugu, sak yadda Uwa ke yi. Wasu suka rufe fuska da mayafi. Ya dafa goshin Maman, ya dafa na kusa da shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso kusurwa.

Nu'uman ya riga ya miƙa hannu ga takalmansa. Yalwa ya durƙusa, ya dafa masa goshi da hannu biyu, ya daɗe bai ɗauke ba.

Mai kiɗa ya tsaya.

Yalwa ya kwance zanen, ya ninke shi, ya ajiye a cinyar Maman. Ya je bakin ƙofa ya janye bargon, ya sa takalmansa. Sai a lokacin hawaye suka zo masa.

"Nu'uman ba ta kira kowa ba," ya ce. "Ni na kira 'yan sandan, ni na ba su sunan. Na zaci gida nake aika Uwa."