Makullin Aro

Motocin 'yan kwamitin kasafi suna ficewa, jami'in gidaje ya miƙo mini hannu.

"Mama, makullin."

Na kwance shi daga bakin zanena. Shekara shida ke nan ana kawo ni gidan nan duk ranar duba aiki. In rataya labulena, in yi godiya a gaban kyamara kamar gidana ne, su kuma su sa hannu a kuɗin gina wasu dubu.

"Ɗan nan, namu fa yaushe?"

"Sunanki na layi."

Ina naɗe labulen ya ce, "Baɗi ki zo da wani. Shugabansu ya ce kamar ya taɓa ganinsa."

Labulen ya gane. Ni ko kallona bai taɓa yi ba.