Almakashin Yaya

Kwana huɗu kacal ta iya daurewa cikin makonni biyun da likita ya ɗiba mata. Hawan jini ne, in ji shi, sai hutu. Hutun me, alhali ga ɗinkin mutane jibge, kuma shekara ashirin babu hannun da ke yanka yadi a shagonta sai nata? Almakashin ma ƙarƙashin matashi take kwana da shi.

Maigidanta na fita, ta jefa almakashin a jaka ta sulale zuwa shago. Tun daga bakin layi take hango yadin mutane an yi masa yankan ƙauna.

Ta tarar da kekunan ɗinki uku suna ta aiki. Riguna a rataye, kafaɗa ta zauna daram. Ƙanwarta na sunkuye kan tebur da wani almakashi.

"Ke, wa ya ba ki izini? In kin ɓata fa, da wane ido zan kalli masu kaya?"

"Yaya, zauna tukuna."

"Yanka ba wasan yara ba ne."

Ƙanwar ta jawo mata kujera, ta rage murya don kada masu ɗinki su ji. "Shekara biyu ke nan, tun da hannunki ya fara rawa, ni nake gyara yankanki in kin fita salla."

Ta daɗe tana kallon rigunan. Sannan ta ciro almakashinta daga jaka ta miƙa mata. Sai da ƙanwar ta riƙe mata hannun da ke rawa, kafin ta iya karɓar almakashin.