Rediyon da Ya Ƙi Magana

Fitilar rediyon tana kamawa, lambobin tasha suna canzawa, amma ko tari ba ya yi. Alhaji Atiku ya murɗa shi har ƙarshe, ya daki dashbod da tafin hannu, sannan ya leƙo ya dubi rumfar da aka kwatanta masa a bakin tashar Wurno.

Rumfar langa-langa ce, tsofaffin sifiku sun rataya a jikinta sun yi tsatsa. Mai ita, Nasrullahi, siririn mutum ne, silifarsa ɗaya a ɗaure da waya. Alhaji Atiku, dillalin albasar da ya kuɗance cikin shekara biyu, ya taɓe baki. Masu gyara na Rabah sun canza fis, na Goronyo sun sa sababbin sifiku, duk a banza. Sakkwato kuwa ba ya son kai motar, wai hanyar ta cika shingayen bincike masu ɓata wa mutum lokaci.

"Kai na mai gyaran?" ya tambaya. "To dubo min rediyon ga. Kada ka shahwa min dauɗa ga kujera."

Nasrullahi ya tsaya yana kallon motar, ya zagaya ta, ya shafa gefen ƙofar direba da yatsa. Alhaji ya yi tsaki. Baƙauye ke nan, bai taɓa ganin sabon fenti ba.

"Tun yaushe tab bar magana, Alhaji?"

"Tun randa ta shigo hannuna. Wata huɗu. Mi ad da tambaya? Aiki nika so."

Mai gyaran ya zauna mazaunin direba, sukudireba ta faɗi masa har sau biyu. Alhaji ya yi dariya, ya juya ga masu kabu-kabun da ke inuwa ya nuna musu shi da haɓa. Ba wanda ya taya shi.

Nasrullahi ya zaro rediyon ya ajiye a kan tabarma. Ya kwance murfin ƙofofi huɗu, ya jera a ƙasa. Ya buɗe bonet ya cire kan batir, ya zare wani fis daga akwatin injin ya jefa a aljihu.

"Kai jaki! Mi yah haɗa inji da rediyo?"

"Wuta nika bi, Alhaji. A yi haƙuri."

Sannan ya koma bayan rumfa da wayarsa. Alhaji ya ji shi ƙasa-ƙasa yana cewa abin da ake nema yana nan, a taho da sauri. Da ya dawo ya ce ya aika a kawo wani ƙarfe.

Rana ta take. Babbar rigar Alhaji ta jiƙe da zufa. Ya kira Nasrullahi ɗan koyo, ya kira shi makahon gyara, ya ce mutanen Wurno ban da barci da surutu ba su iya komai ba. Shi kuwa yana durƙushe, yana taɓa wannan waya da mita, ya saki, ya sake taɓa ita dai. Ko wanda bai san gyara ba ya ga ba ya ci gaba.

Da aka yi kiran azahar haƙurin Alhaji ya ƙare.

"Maida min kayana in tahi. Na yi kuskure da nik kawo mota wurin wanda ko keke bai mallaka ba."

"Ga su nan sun iso," in ji Nasrullahi.

Farar mota a-kori-kura ce ta tsaya a bayan ta Alhaji, ta toshe ta. Jami'an tsaro huɗu suka diro. Alhaji ya kai hannu ga makulli, sai ya tuna batir a cire yake. Masu kabu-kabu suka miƙe suka kewaye wurin.

Nasrullahi ya maida kan batir, ya jona rediyon a soket ɗinsa. Bai ɗauki mita ba, bai lalubi komai ba. Ya zura hannu can ƙarƙashin sitiyari, inda ido ba ya kaiwa, ya danna wani ɗan makunni. Sauti ya ɓarke har sifikun suna girgiza.

Ya dubi babban jami'in, idanunsa sun kaɗa.

"Ni nis sa makunnin ga da hannuna, don mai motar ya riƙa kashe sauti in hwasinja sunka dame shi da waƙa. Motar wana Mainasara ta, wanda anka tare bisa hanyar Goronyo wata huɗu da sunka wuce, har yau ko gawatai ba mu gani ba."