Cutar da Ta Shigo Ta Kongolam

Muktar ya kai loma baki bai ko dubi kwanon ba. Babi na talatin ya fito a waya.

Tela ne a kasuwar Daura, amma shi a ganinsa babbar sana'arsa ita ce sanin labaran zombi, matattun nan masu tashi suna yawo. Na Turawa duk ya raina su. Ina aka taɓa barin gawa ta kwana a titi? A Daura mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa an dawo zaman gaisuwa. Wa ya rage da zai tashi?

Shi ya sa labarin da ake sakowa a zaurensu na WhatsApp ya tafi da shi. Marubucin, wanda ba a san ko wane ne ba, bai tayar da gawa ko ɗaya ba. Cuta ce ta shigo ta Kongolam, kan iyakar Nijar. Wanda ta kama yana ci, yana zuwa kasuwa, yana amsa sallama, amma babu kowa a cikin jikin. Dangi kuma ba su ɗauko bindiga ba. Mutanenmu ne, sai suka rufa asiri: a wanke wa mutum kaya, a ajiye masa tuwo, in baƙo ya tambaya a ce ai aiki ne ya yi masa yawa.

"Maigida, yaya miyar?" in ji matarsa Haulatu.

"Ta yi," ya ce, yana jan allon wayar da ɗan yatsa. Ta ɗan tsaya, sannan ta kwashe kwanukan.

Labarin duk ya rataya a kan mace ɗaya, Siddiƙa, wadda ta shekara uku da miji mai cutar. Za ta ci gaba da zama ko za ta koma gidan iyayenta? A ƙarshen babin marubucin ya ce ya bar wa masu karatu, ƙuri'arsu ce za ta raba gardama.

Washegari kasuwa ta kasu biyu. Ma'aruf, maƙwabcinsa mai sayar da yadi, ya ja masu cewa ta yi haƙuri, ana warkewa. Muktar kuwa ya ture ɗinkin mutane gefe, ya gyara murya, ya aika saƙon minti bakwai kamar mai gabatar da lacca.

"Jama'a, wannan mutum ya gina duniya mai kama da gaskiya, kada ku ɓata masa ita da tausayin banza. Ta yi magana, ta yi kuka, ta yi kwalliya. Mako guda tana miya ba gishiri, mijin bai lura ba! Wannan ai ya tafi tuni. Ita ce muke binnewa da rai."

Ya saurari saƙon nasa sau uku, ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Da azahar ƙuri'a ta tsaya sha tara da sha tara. Saura tasa, don da gangan ya riƙe ta, yana son a san da zamansa. Sai ga marubucin, wanda bai taɓa tanka wa kowa ba, ya rubuto: "Malam Muktar, ka tabbata?"

Kan Muktar ya kumbura. Ya leƙa shagon Ma'aruf ya nuna masa saƙon, sannan ya amsa: "Na tabbata. Ta tafi yau."

Babin ƙarshe ya shigo bayan la'asar, daidai lokacin da ya kafe babur a ƙofar gida. A tsaye ya karanta shi. Gajere ne, ba kuka ba dogon jawabi. Siddiƙa ta share tsakar gida, ta zuba tuwo a kula, ta sa wa ƙofa kwaɗo, ta tura makullin ƙarƙashin tsohon turmin da ke bakin zaure, ta hau motar Baure.

Ya ji tausayinta, ya kuma ji alfaharin cewa shi ya 'yanta ta. Ya rubuta: "Madalla! Haka ake labari." Ya tura ƙofa da kafaɗa, idonsa na kan masu yaba masa.

Ƙofar ba ta buɗe ba. Ya ɗaga kai ya ga kwaɗo. Ya kira Haulatu sau biyu, shiru.

Ya daɗe a tsaye kafin ya sunkuya ya karkata tsohon turmin da ke bakin zaurensa, makullin yana nan.