Makon 'Yan Ruga

Sandar farko a kafaɗa ta sami hedimasta, ta biyu ta raba shi da kekensa a kan gadar kanal ɗin ban-ruwa. Manomin tumatirin da ya jagoranci mutanen gari ya taka masa hannu, ya fizge kwalin da ke ɗaure a bayan keken.

Rediyo guda aka aiko daga Kura domin darussan yara, aka ce mako a makarantar gari, mako a ajin 'yan ruga da ke tsallake. Tun damina bai taɓa tsallakawa ba.

"Shanunsu su cinye mana shuka, sannan mu kai musu rediyo?" in ji manomin.

"Makonsu ne," in ji hedimasta, jini na zuba daga bakinsa.

Wani ya ƙara masa gora a haƙarƙari har ya daina motsi. Manomin ya ɗaga fartanya, a ransa gara kowa ya rasa. Ya sari kwalin da iya ƙarfinsa, sai albasa ta tarwatse tana gangarawa cikin ruwa.

Kafin kowa ya yi magana, muryar malamar rediyo ta taso daga tsallake, yara suna maimaita ƙidaya. A gindin tsamiya manomin ya hango wata tsohuwa zaune cikin 'ya'yan Fulani, rediyon a kan cinyarta. Mahaifiyarsa ce. Ta dube shi, ta dubi mutumin da ke kwance a ƙafarsa, sannan ta ƙara muryar rediyon.