Bututun Farfesa Mai Lambar Yabo

"Wanne za mu sa maka, Farfesa?" Likitan zuciya ya nuna masa bututu biyu na buɗe jijiya, na robar da ke narkewa a jiki.

Na farko nawa ne, ni mataimakiyarsa. Shekara shida ina fama da sinadarin da ake shafa masa don kada jini ya daskare. Na biyu nasa ne. Nawa ya ɗauka, ya soke shafawar wai ɓata lokaci ce, ya manna sunansa, ya karɓo lambar yabo. Mu mataimakansa muka yi ta yi masa tafi.

Yau ga shi kwance, jijiyar zuciyarsa ta toshe.

Na ce, "Ai mai lambar yabon, ko Farfesa?"

Ya damƙo hannun likita, murya ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah, sa min na yarinyar nan."