Nauyin Uwar Duro

Zaluncin ya fara ne ranar Talata, sha tara ga Agusta, da ƙarfe goma da minti bakwai na safe. Ba ni na ƙirƙiri lokacin ba, yana nan a rubuce a ƙasan hoton.

A ranar ce kyamarar da Arvo Kangas ya ɗaure a jikin bishiya, can bayan fadama, ta ɗauki wata baƙar halitta sunkuye a kan duronsa. Duro ne da yake cikawa da kwantan donot, wani soyayyen burodi mai sukari, don jawo beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da ke barci duk hunturu, kamar yadda duk maharbi yake yi kafin a buɗe farauta. Ya ɗaure kyamarar a karkace, irin yadda yake rubutu. Babu kai a hoton, babu ƙafa. Baya ne kawai, baƙi, mai gashi, ya cika wurin.

Na san rubutun Arvo domin shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi a garin nan. Duk 'yan ƙungiyar mafarauta sun ratsa ta ajina. Ba dukansu suka fita da wani abu ba.

Washegari hoton ya hau allon shagon kofi. Ina zaune ina shan nawa babu sukari, bisa umarnin Likita Sundberg, kuma bisa sa idon ƙanwata Elma, wadda ba ta barin gefena sai ranar Talata da safe, da take zuwa koyon waƙar coci.

"Laba ɗari huɗu," in ji Arvo. "Ku dubi yadda ta rufe duron gaba ɗaya."

"Kai dai ba ka taɓa ganin babba ba," in ji abokinsa Wendell Maki. "Wannan ɗuwawun? Ɗari huɗu da hamsin, in ba ta kai ba a aske mini gemu. Tsohuwa ce ma, dubi yadda gashin ya koɗe."

Likita Sundberg, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya gyara tabarau ya ce kitsen da yake gani ya ishe ta barcin hunturu biyu. Aka tuntsire da dariya. Nan take suka raɗa mata suna Uwar Duro.

Bari in yi maganar lissafi. Mafarauta suna ƙiyasta nauyin beyar ne ta hanyar gwada ta da duron da ke gefenta, duron da aka saba kuwa mai galan hamsin da biyar ne. Na Arvo mai galan talatin ne. Shi ya saye shi da hannunsa, ya manta. Duk wanda ya gwada abu da ƙaramin ma'auni, yana zaton babba ne, zai sami amsar banza. A kan irin wannan kuskuren na ba shi uku cikin ashirin yana ɗan shekara sha biyu, kuma yanzu na gane na yi masa sassauci.

Hotuna suka ci gaba da zuwa, shaidu suka taru, babu wanda ya karanta su. Uwar Duro ba ta zuwa sai ranar Talata, ba ta kuma taɓa makara ba. Guda biyu take ɗauka, masu kirfa kaɗai. Idan ta gama, sai ta mayar da murfi ta ɗora dutsen da ake danne shi da shi yadda ta same shi. Ko sawun farce ɗaya ba a gani ba.

"Ƙasa ce ta bushe," in ji Arvo.

"Wayo ne da ita," in ji Wendell. "Ba a banza ta tsufa ba."

A mako na biyu aka buga hoton a takardar labaran ƙungiya, aka rubuta a ƙasa: "Ɓarauniya mai ƙiba." A na uku aka buga shi a riguna. Elma ta sayi ɗaya.

Jiya Arvo ya tare ni a bakin gidan waya, ya cire hula kamar mai ladabi.

"Malama, ki daina bin hanyar fadama. Gobe ake buɗe farauta. Talata mai zuwa tun ƙarfe tara ina kan bishiya da bindiga, na riga na auna bangon falona inda zan rataya fatar."

Na tambaye shi da wane ma'auni ya auna. Bai gane ba. Dama can haka yake.

Mako uku na yi shiru, ina da dalilina, kuma na san yau Elma da likita za su ji shi, za a kuma ƙara mini wa'azi. Na yarda. Amma bindiga ta shigo maganar, kuma ƙarya ta hau riga tana yawo a gari.

Saboda haka ina neman ƙungiyar mafarauta ta ba da haƙuri a bainar jama'a, a rubuce, da sa hannun Arvo Kangas, Wendell Maki da Likita Sundberg, a liƙa a allon da aka fara liƙa hoton, a tattara rigunan nan a ƙone, har da ta Elma, a kuma bayyana da manyan haruffa cewa Uwar Duro ba ta taɓa kai laba ɗari huɗu ba: ɗari da sittin da takwas nake, har da baƙar kwat mai gashi ta marigayi mijina.